Ga Albashi Ga Alƙalami: Tambayoyi da Amsoshi ga Ma'aikacin da Ke Son Harkar Wallafa a Kaduna

Kusan duk taron marubutan da na halarta a garin nan, ko a Arewa House ne ko a wani ajin makaranta da aka ara ranar Asabar, sai an tashi ana musabaha a bakin ƙofa wani zai ja ni gefe ya ce, "Malam, ni fa ma'aikaci ne, amma zuciyata tana wajen littafi. Ya zan yi?" Shekarata goma sha ɗaya ina aikin akawu a wani kamfani da ke Kakuri, da asuba da dare da ranakun hutu kuma ina tace rubuce-rubucen mutane ina fitar da ƙananan littattafai. Tambayoyin nan su ne waɗanda aka fi yi mini. Na bar su yadda suka zo, sunaye kawai na cire.

Malam, an ce taura biyu ba ta taunuwa. In ajiye aikin ne in fuskanci wallafa gaba ɗaya?

Ƙanena, kada ka ajiye. Ina faɗa maka haka ne don ina son littafin naka ya fito, ba don na raina burinka ba.

Dubi waɗanda suka share mana hanyar nan. A gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, wadda ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko a rubutun boko, malaman makaranta ne suka yi fice. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Bauci. Da alli a hannu suka yi rubutun. Ko da Imam ya koma Zariya ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aiki ya bari ya kama wani aikin mai albashi. A zamaninmu ma, Abubakar Adam Ibrahim yana aikin jarida a Daily Trust ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG ta dala 100,000 a 2016.

Dalilin a fili yake. Kuɗin littafi a dunƙule suke fita, a tsinke suke dawowa. Yau za ka biya takarda da bugu da bango gaba ɗaya, ribar kuma ta riƙa ɗigowa kwafi biyar yau, kwafi uku jibi, har shekara ta zagayo. Mai gidan haya ba ya jiran wannan ɗigon, makarantar yara ma ba ta jira.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Albashi shi ke ba ka bakin cewa a'a. Mawallafin da ba shi da abin dogaro, duk rubutun da aka kawo masa da kuɗi sai ya karɓa, ko tarihin yabon wani mai kuɗi ne cike da ƙarya, ko labarin da shi kansa ba zai bari 'yarsa ta karanta ba. Na ga haziƙai sun faɗa wannan ramin, yunwa ce ta tura su. Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari ya haɗo.

To ina lokacin yake? Na fita ƙarfe bakwai, ban dawo ba sai magariba.

Lokacin da ya fi yi mini albarka shi ne daga idar da sallar asuba zuwa shida da rabi. Gida shiru, waya ba ta fara ƙara ba, ƙwaƙwalwa ba ta sha hayaniyar ofis ba. Awa guda ke nan ko ƙasa da haka. In ka samu shafi ɗaya a kullum, cikin wata biyar kana da shafi 150, littafi ke nan.

Dare kuwa yana yaudara. Mutumin da ya sha cunkoson Kawo ko ya tsallako gadar kogi daga Sabon Tasha, ya ci tuwo, ya zauna gaban kwamfuta ƙarfe goma, abin da zai rubuta gobe sai ya goge rabinsa. Ni na raba aikin gida biyu: ƙirƙira da tace rubutu mai nauyi da asuba, aikin da ba ya cin tunani kamar amsa saƙon diloli da lissafin kwafi da dare. A cikin mota ina karanta rubutun mutane a waya, ina sa alama inda zan koma. Wani abokina da ke aiki a Abuja yana dawowa gida ƙarshen mako, cikin jirgin ƙasan da ke sauka Rigasa yake gyara yawancin babi-babinsa.

Ka kuma saba da cajin kwamfutarka tun da rana. Wutar asuba ba ta da alkawari.

Ni ma'aikacin gwamnati ne. Doka ta yarda in buɗe kamfanin wallafa?

A nan sai an yi takatsantsan, ranka ya daɗe. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Biyar inda aka zayyana ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci shiga gudanar da wani kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kansa. Noma kaɗai aka ware. Saboda haka ka je hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ka yi rajistar kamfani, ka zama kai ne manajansa kana karɓar kwangilar bugu, wannan ya shiga abin da aka hana.

Rubuta littafi ka miƙa wa wani mawallafi ya fitar, kana karɓar la'adarka, wata magana ce daban, malaman jami'a da likitoci da alƙalai sun daɗe suna yi. Sai dai ƙa'idojin aikin gwamnati suna da tsauri a kan zama editan jarida ko mujalla ba da izini ba, da rubutu kan siyasa ko sha'anin mulki, da fitar da abin da ka gani a fayil ɗin ofis. Ka nemi littafin ƙa'idojin ka karanta da idonka, in ya kama ka nemi izini a rubuce, ka nema, ka adana takardar.

Tun Disamba 2021 da gwamnatin jihar nan ta mayar da ranakun zuwa ofis huɗu, Litinin zuwa Alhamis, na ji ma'aikata da yawa suna cewa Juma'a ta zama ranar rubutu. Madalla, amma in an ba ka aikin da za ka yi daga gida a ranar, shi za ka fara saukewa.

Ba laifi in yi amfani da kwamfuta da firintar ofis? Ai ba wanda zai sani.

Da laifi, kuma kai ka sani. Takardar ofis da tawadar ofis da awannin da ake biyanka dominsu amana ce. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ban da haka, rubutun da ka ajiye a kwamfutar ma'aikata ba a hannunka yake ba: ranar da aka canja maka wuri ko aka karɓi na'urar, ya tafi. Wasu takardun ɗaukar aiki ma suna ɗauke da sharaɗin cewa abin da ka samar da kayan kamfani a lokacin aiki na kamfani ne. Ka koma ka duba taka.

Ni tun farko na gaya wa ogana abin da nake yi da yamma. Bai hana ba. Ranar da wani ya kai masa tsegumi, ya riga ya ji daga bakina.

Nawa zan tanada kafin in fara? In ci bashi?

Ba zan ba ka adadi ba, domin farashin da na faɗa yau ba zai kai wata mai zuwa ba. Kusan duk takardar da ake buga littafi da ita a ƙasar nan daga waje ake shigo da ita, masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku-Iboku sun daɗe ba sa biyan buƙata. Don haka farashin rim, wato ƙullin takarda, yana bin dala sau da ƙafa. Bayan janye tallafin man fetur a Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo baya, takarda ta tashi, man janaretan maɗaba'a ya tashi, kuɗin kai kaya Kano ko Sakkwato ya tashi. Ga shi mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024. Ka ga mai karatun da kake sa rai da shi ma a matse yake.

Abin da nake yi shi ne, ranar da albashi ya shigo nake cire wani kaso ƙayyadadde in tura wani asusu na daban wanda ba na taɓawa sai don littafi. Kuɗin cefane ba ya shiga can, kuɗin littafi ba ya shiga tukunya. Wasu adashi suke shiga da abokan aiki su nemi ɗauka daidai lokacin bugu, shi ma tsari ne mai kyau. Bashi mai ruwa, musamman na manhajojin waya, ka nisance shi kamar wuta. Ko bashin ƙungiyar ma'aikata da ake cira daga albashi, ka tuna cirar za ta fara ne tun littafin bai bar maɗaba'a ba.

Kuma ka fara da kaɗan. Kwafi 1,000 sun fi araha a kan kowane ɗaya, gaskiya ne, domin kuɗin faranti, wato fallen ƙarfen da ake fitar da shafuka a kai a ɗora a inji, ɗaya ne ko kwafi nawa za a buga. Amma kwafi 200 da aka buga da injin dijital suka ƙare sun fi kwafi 1,000 da 800 daga ciki ke ƙarƙashin gado gara tana lasa.

Lokacin da maɗaba'a ke aiki ina ofis. Ya zan sa ido a kan bugun?

Wannan ita ce tambayar da na biya kuɗi mai yawa kafin in san amsarta.

Littafina na farko, na kai fayil wata maɗaba'a a cikin gari ranar Asabar. Ranar Talata mai injin ya kira ya ce in zo in duba samfuri. Ƙarshen wata ne, muna haɗa albashin ma'aikata, ko tashi shan ruwa ban samu ba. Na ce masa, "Ai na duba a gida, ku buga kawai." Ranar Juma'a da yamma na je ɗaukar kaya. Na yage ƙullin farko, ƙamshin sabuwar tawada ya buge ni, na buɗe shafi na uku. Duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take, wani ɗan akwati ne murabba'i a wurin. Kwamfutarsu ba ta da irin harafin da na yi amfani da shi. "Ƙasa" ta zama akwati da "asa". Kwafi 1,000. Na zauna a kan bencin bakin shagon har aka kira sallar isha'i ban iya tashi ba. Tanadin wata tara ne ya tafi, kuma ba ni da bakin ƙorafi tunda ni na ce a buga.

Tun daga ranar, ga ƙa'idata. Ba na kai fayil sai PDF wanda haruffan ke manne a cikinsa. Ba a ɗora faranti sai na riƙe samfuri a takarda na sa hannu a kowane shafi, ko da hakan zai jinkirta aikin mako guda zuwa Asabar. Hutuna na shekara kuwa nakan raba shi, in ware kwana uku ko huɗu daidai ranakun bugu, in tsaya kusa da injin in ga tawada ba ta dushe ba a tsakiyar aiki.

Ka kuma san lokutan da ba a kai littafi. Gab da zaɓe fastocin 'yan siyasa ne ke cin inji, ƙarshen shekara kalanda ce, gab da komawa makaranta kuma littattafan rubutu da takardun makarantu. A waɗannan lokutan naka zai kwana a lungu. Ka tsara shafukanka su zama ninkin 16, kamar 96 ko 112 ko 128, domin haka takarda ke naɗuwa a yawancin injinan da ake amfani da su nan. In suka zama 98, za ka biya kuɗin shafukan da ba komai a kansu.

Yaya, ni nas ce, ina aikin kwana, ga yara uku ga maigida. Labaraina a WhatsApp nake sakewa. Ni ma ina cikin wannan harkar?

Kina ciki tsundum, 'yar'uwa. Mata su suka riƙe adabin kasuwar Kano tun shekarun 1980 da 1990, su ne kuma suka fi yawa a rubutun waya na yau. Wadda ke sakin babi kullum, masu karatu suna biya suna shiga zaurenta, ita ce marubuciya, ita ce mawallafiya, ita ce dila.

Shawarata gare ki uku ce. Kada ki yi wa masu karatu alkawarin babi kullum alhali jadawalin asibiti ba a hannunki yake ba. Ki rubuta aƙalla rabin littafin kafin ki saki shafin farko, ta yadda makon da kike aikin dare ba za a yi ta kiranki ana cewa an biya kuɗi an ji shiru ba. Na biyu, ki ajiye kwafin kowane rubutu a wuri biyu da ke hannunki. OkadaBooks da marubuta da yawa suka dogara da ita ta rufe a Nuwamban 2023, kowace manhaja tana iya bin sahu. Na uku, sirrin majinyata ba kayan labari ba ne. Ko kin canja suna, Kaduna ƙarama ce ga wanda abin ya shafa.

Maganar gida kuwa, ki zauna da maigidan ku yanke lokacin da kowa ya san na rubutu ne, ko awa ɗaya ce. Abin da aka yi da shawara ya fi daɗewa a kan abin da ake yi a ɓoye cikin bargo da hasken waya. Ki kuma gwada gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda ake yi domin mata tun 2016. Gajeren labari ne, ya dace da mai ƙarancin lokaci.

In kai wa kamfani ne ko in buga da kaina?

In ka samu kamfanin da zai ɗauki nauyin tacewa da bugu da rarrabawa ya riƙa ba ka la'ada, ga ma'aikaci wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce irinsu sun yi ƙaranci a Hausa. Kamfanin wallafa na NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966 ya gaji aikin tsohuwar hukumar adabi ta Arewa, NORLA, da kamfanin Gaskiya, shi ne gatan littafin Hausa na shekaru masu yawa, amma manyan kamfanoni yau sun fi karkata ga littattafan makaranta, inda kasuwa take da tabbas. Da yawa daga masu kiran kansu mawallafa a gari, kai za ka biya komai, su buga su miƙo maka kayanka. Ba aibu ba ne in an faɗa maka gaskiya tun farko.

Ko wanne ka zaɓa, a rubuta yarjejeniya. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ba ta amince da sallama haƙƙi da fatar baki ba, sai a rubuce. Haƙƙin littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci, wato gadon 'ya'yanka da jikokinka ne. Kada ka sallama shi ɗungurungum don kuɗin da ba zai kai ka ƙarshen wata ba. A fayyace shekara nawa, kwafi nawa, da wanda ke da ikon mayar da labarin fim ko karanta shi a rediyo.

Lambar ISBN fa?

Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita, yana kuma da reshe a nan Kaduna. Lambar shaidar littafi ce mai alƙaluma 13, kowane littafi da tasa, ba a aron ta wani. Bayan bugu doka ta wajabta wa mawallafi mai zaman kansa ya kai musu kwafi uku.

Na buga. Ya zan sayar alhali ina ɗaure a ofis?

Bugu rabin aiki ne, wasu ma sun ce rubu'i. Dila zai karɓi kaya ya ce sai an sayar. Na taɓa ba wani kwafi 300 ba tare da ko 'yar takarda ba, don muna sallah a masallaci ɗaya. Shekara biyu ina sintiri ranakun Asabar, yau ya ba ni na mota, gobe ya ce kasuwa ba ta motsi. Yanzu kwafi 20 nake bayarwa, a rubuta a sa hannu, in an kawo kuɗinsu a karɓi wasu.

Abokan aiki za su saya, amma kada ka bi su tebur-tebur, balle waɗanda ke ƙarƙashinka, domin kunya ce za ta sa su saya, kuma za su riƙe abin a rai. Ka sanar sau ɗaya, mai so ya same ka bayan an tashi.

Bikin ƙaddamarwa kuma ka yi masa lissafi da idon basira. Kuɗin zaure da abinci da katin gayyata tabbas ne, alkawarin da babban baƙo ya yi a lasifika kuwa sai ka gan shi a asusu. Makarantu masu zaman kansu da na Islamiyya, a Tudun Wada da Rigasa da Unguwar Mu'azu da Hayin Banki, sun fi amfani ga mai littafin yara: in shugaban makaranta ya karɓa, aji guda ne ya saya.

Ni ba marubuci ba ne, aikin edita nake so. A ina zan koya?

Ka fara da ƙa'idojin rubutun Hausa, inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, domin a nan yawancin rubutun waya ke tuntuɓe, kuma masu iya gyara shi ba su da yawa. Sashen Hausa na Jami'ar Jihar Kaduna, KASU, da na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna da malamai da littattafan da za su daidaita maka hannu. Ka shiga reshen ƙungiyar marubuta ta ANA na jihar nan, ka riƙa leƙa tarukan littafi idan sun zo. Garin nan ya karɓi KABAFEST, bikin littattafai da fasaha na Kaduna, tun 2017, ya kuma karɓi bikin littattafan Hausa na HIBAF a 2021. Sauran kuma a bakin inji ake koyonsa: ka roƙi wani mai maɗaba'a ya bar ka ka riƙa zama wurinsa ranakun Asabar. Littafi biyu na farko ka gyara su a kan ɗan abin da aka ba ka, na uku ka faɗi farashinka, a kan shafi, rabi kafin ka fara.

To yaushe ne mutum zai iya cewa lokaci ya yi da zai bar aikin albashin?

Ni sharaɗi uku na gindaya wa kaina, na rubuta su a bangon ciki na littafin lissafina. Na ɗaya, abin da wallafa ke kawowa bayan an cire duk kashe-kashe ya kai albashina, wata goma sha biyu a jere, har da watannin damina da na azumi da kasuwar littafi kan yi sanyi. Na biyu, in kasance da ajiyar da za ta riƙe gidana shekara guda ko kwafi ɗaya ban sayar ba, tare da sanin me zai maye gurbin fansho da inshorar lafiyar da zan rasa. Na uku, uwargida da mahaifiyata su amince da bakinsu ba don kara ba, tunda tare za mu sha abin da ya biyo baya.

Na uku ya samu tuntuni. Na biyu ya kusa. Na ɗaya kuwa bara na yi wata bakwai a jere, na takwas ya karye da farashin takarda ya sake tashi, na koma ƙirga daga farko. Gobe Litinin, ƙarfe bakwai ina cikin motar Kakuri, rubutun wata malamar firamare daga Kawo yana cikin wayata, na kai shafi na 64.